Bin Sawun Lantarkin Zuciya: Yadda Ake Gano Tushensa Daga Saman Fata

1.0 GABATARWA

Kalmar "zuciya" tana cikin kalmomin da Bahaushe ya ɗora wa kaya mai nauyi. Idan mutum ya fusata sai a ce ya yi zuciya, idan jarumi ne a ce yana da zuciya, idan kuwa ya zauna ba sana'a ba niyyar yi a ce zuciyarsa ta mutu. Duk waɗannan ma'anoni na adon harshe ne. Zuciyar da wannan maƙala za ta yi magana a kanta ita ce tsokar nan da ke kwance tsakanin huhu biyu, wadda girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita da yawa ba, wadda kuma take bugawa kimanin sau 100,000 a kowace rana ta Allah.

Tun tsakiyar ƙarni na 19 masana suka tabbatar da cewa kowane bugun zuciya yana tafe da ɗan lantarki. Wannan lantarki kuwa ba ya tsayawa a cikin zuciyar, yakan ratsa jini da huhu da tsoka har ya iso fata, inda za a iya auna shi. Tambayar da ta biyo baya, wadda har yau ba a gama warware ta ba, ita ce: idan an auna abin da ya iso fata, shin za a iya komawa da baya a faɗi ainihin wurin da ya taso a cikin zuciya? Wannan tambaya ta shafi rayukan mutane. Akwai marasa lafiyar da wani ɗan wuri a zuciyarsu yake ta da bugu ba bisa ƙa'ida ba, maganinsu kuwa shi ne a gano wurin a ƙone shi. Likitan da ya ƙone wurin da ba shi ba ya ɓata tsoka mai lafiya, ga kuma ciwo yana nan daram.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda masana suka tunkari wannan tambaya, da abin da ya sa take da wuya, da kuma inda aka kai. Da yake fannin baƙo ne ga harshenmu, zan yi amfani da waɗansu kalmomi kamar haka. Ɓangarorin zuciya biyu na sama, inda jini ke fara sauka, zan kira su "zauruka", biyun ƙasa masu tura jini waje kuwa "ɗakuna". Ɗan faifan ƙarfen da ake mannawa a fata zan kira shi "maɗauki". Kowane layi guda na zanen da na'ura ke fitarwa zan kira shi "mahanga", domin daga kusurwa guda yake hangen zuciya.

2.0 INDA LANTARKIN YAKE TASOWA

Tsokar zuciya ta ƙunshi ƙwayoyi ƙanana masu ɗimbin yawa, kowace a lulluɓe da fatarta. Sa'ad da ƙwaya take hutawa, akwai bambancin lantarki tsakanin cikinta da wajenta na kimanin milibolt 90, watau ƙasa kaɗan da kashi ɗaya cikin goma na bolt guda. Wannan bambanci ya samo asali ne daga yadda sinadaran gishirin jiki, musamman sodiyam da fotasiyam, suka rarrabu a ciki da waje. Idan aka zaburar da ƙwayar, waɗansu ƙofofi na fatarta sukan buɗe, sodiyam ya kwarara ciki, bambancin ya juye cikin ƙiftawar ido. Juyewar nan ita ke zaburar da maƙwabciyarta, ita ma ta zaburar da ta gaba, haka abin zai bi tsokar kamar yadda wuta ke bin busasshiyar ciyawa. Duk inda ya wuce sai tsoka ta tsuke, tsukewar nan kuwa ita ce bugun da muke ji.

A zuciya mai lafiya, tafiyar tana da hanya sananniya. Takan faro daga wani ɗan ƙulli a saman zauren dama, wanda Arthur Keith da Martin Flack na Ingila suka bayyana a 1907. Shi ne makaɗin zuciya, yana ta da bugu sau 60 zuwa 100 a minti ga baligin da ke zaune. Daga nan lantarkin ya mamaye zaurukan biyu, ya iso wani ƙulli na biyu a mahaɗar zauruka da ɗakuna, wanda wani likita ɗan Japan, Sunao Tawara, ya bayyana a 1906 sa'ad da yake aiki a Jamus. A nan ake tsare shi kimanin kashi ɗaya cikin goma na sakan, domin zauruka su gama juye jini a ɗakuna. Sa'an nan ya bi wani dami na zaruruwa da Wilhelm His ya gano a 1893, ya rabu reshen dama da na hagu, ya watsu cikin zaruruwan da ake kira da sunan Purkinje, waɗanda ke gudu da shi mita 2 zuwa 4 a sakan. Saboda wannan sauri ne ɗakunan biyu ke kammala zabura cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin takwas na sakan ba.

A 1970 Dirk Durrer da abokan aikinsa a Amsterdam suka buga wani bincike da har yanzu ake dogara da shi. Sun sami zukata 7 na mutanen da suka rasu ba da ciwon zuciya ba, suka farfaɗo da bugunsu a wajen jiki, suka soka musu allurai masu maɗaukai har 870. Ta haka suka zana taswirar tafiyar lantarki a cikin ɗakuna, suka nuna cewa yakan fara ɓullowa a wurare uku a bangon ciki na ɗakin hagu, ya ƙare a gindin ɗakuna ta baya.

3.0 YADDA AKA FARA AUNA SHI DAGA WAJE

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. A 1856 Kölliker da Müller suka nuna a Jamus cewa zuciyar kwaɗo tana fitar da lantarki a kowane bugu. A 1887 Augustus Waller, a asibitin St Mary's na Landan, ya zama mutum na farko da ya buga zanen lantarkin zuciyar ɗan Adam wanda aka ɗauka daga saman fata. Ya sha nuna wa jama'a abin ta hanyar tsayar da karensa a cikin kwanonin ruwan gishiri.

Wanda ya mayar da abin kayan aikin likita shi ne Willem Einthoven na Jami'ar Leiden a ƙasar Holan. Shi ya laƙaba wa tuddai da kwaruruwan zanen haruffan P, Q, R, S da T a 1895. Tudun P na zaburar zauruka ne, QRS na zaburar ɗakuna, T kuwa na komawar ɗakuna hutu. A farkon ƙarni na 20 ya ƙera wata na'ura mai siririn zare a tsakanin manyan mayen ƙarfe, nauyinta kimanin kilo 270, sai mutum biyar sun taru suke sarrafa ta. Mara lafiya yakan tsoma hannuwansa biyu da ƙafarsa ta hagu a bokitan ruwan gishiri. An ba Einthoven lambar yabo ta Nobel a 1924.

Daga gaɓoɓin nan uku Einthoven ya fitar da mahangai uku: na I tsakanin hannun dama da na hagu, na II tsakanin hannun dama da ƙafar hagu, na III tsakanin hannun hagu da ƙafar hagu. A 1934 Frank Wilson na Jami'ar Michigan a Amurka ya haɗa wayoyin gaɓoɓin uku wuri guda ya mai da mahaɗarsu ma'auni, abin da ya ba da damar auna kowane wuri a ƙirji shi kaɗai. A 1938 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka da Ingila suka fara daidaita wuraren da za a riƙa mannawa a ƙirji, a 1942 kuma Emanuel Goldberger ya ƙara mahangai uku na gaɓoɓi. Ta haka aka sami gwajin nan mai maɗaukai 10 da mahangai 12, wanda ma'aikatan asibiti ke kira isiji, wanda kuma ake yi a asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato kamar yadda ake yi a ko'ina a duniya.

Ya kamata a lura da ƙanƙantar abin da ake aunawa. Tudu mafi tsawo a zanen yawanci bai wuce milibolt 1 ko 2 ba, alhali batir ɗin tocila ɗaya yana da milibolt 1,500. Shi ya sa ake umurtar mara lafiya ya kwanta shiru, domin motsin tsokar hannu, ko lantarkin wayoyin ɗaki mai kaɗawa sau 50 a sakan, yana iya gurɓata zanen.

4.0 LISSAFIN GABA DA LISSAFIN BAYA

A nan ne gundarin maganar yake. Masana sun raba matsalar gida biyu. Na farko shi ne lissafin gaba: an san inda lantarki ya taso da ƙarfinsa, an san siffar jiki, ana so a faɗi abin da zai bayyana a fata. Wannan yana da wahalar aiki, amma amsarsa ɗaya ce. Na biyu shi ne lissafin baya: an san abin da ya bayyana a fata, ana so a faɗi inda ya taso. Wannan shi ne aikin mai bin sawu, wanda bai ga ɓarawon shanu ba, sai dai abin da ƙafa ta bari a ƙasa.

Lissafin baya yana da cikas iri uku.

4.1 Amsa ba ɗaya ba ce

Tun a 1853, kafin ma a auna zuciyar mutum, masanin nan na Jamus Hermann von Helmholtz ya tabbatar da cewa idan tushen lantarki yana ɓoye a cikin wani jiki mai ɗaukar lantarki, awon da aka yi daga waje ba zai iya tantance shi shi kaɗai ba. Tushe iri-iri, waɗanda ba su da iyaka, suna iya ba da zane iri ɗaya a waje. Alal misali, idan aka ce 7 a tara da 3, kowa ya san 10 ne. Idan kuwa aka ce ga 10, a faɗi lambobi biyun da aka tara, to 7 da 3 daidai ne, 6 da 4 ma daidai ne, haka 9 da 1. Bugu da ƙari, akwai tushen da ba ya barin sawu sam. Idan lantarki ya taso daga wuri guda ya bazu kowace fuska daidai wa daida, ya zama rufaffen ƙwallo, ɓangarorinsa sukan soke juna, a waje ba a ganin komai sai ya fasa wani bango.

4.2 Jiki yana shafe sawu

Tsakanin zuciya da fata akwai abubuwa masu hali daban-daban. Jini yana ɗaukar lantarki fiye da tsokar zuciya, huhu mai cike da iska yana tauye shi, ƙashi da kitse sun fi tauye shi. A 1956 Daniel Brody ya nuna cewa jinin da ke cikin ɗakuna yana ƙara ƙarfin lantarkin da ya nufo waje kai tsaye, yana kuma rage na wanda ke bin gefen bango. Ban da wannan, nisa kansa yana gauraya abubuwa. Wanda ya tsaya a bayan gari da dare yana jin kiɗan biki zai iya cewa daga gabas yake fitowa, amma da wuya ya rarrabe ko gida ɗaya ne ko gidaje biyu maƙwabta. Haka wurare biyu na zuciya da ke kusa da juna suke narkewa su zama abu guda kafin su iso fata.

4.3 Ƙaramin kuskure yana zama babba

Wannan cikas ya fi sauran haɗari, kuma lissafi mai sauƙi zai nuna shi. A ɗauka akwai tushe biyu maƙwabta, A da B, da maɗaukai biyu a fata. Maɗauki na farko yana jin su daidai wa daida, watau yana auna A + B. Na biyu ya ɗan fi kusa da B, yana auna A + 1.01B. Idan na farko ya nuna 2, na biyu ya nuna 2.01, lissafi zai ba da A = 1, B = 1, watau ƙarfinsu ɗaya. To, a ce mara lafiya ya ɗan ja numfashi, na biyu ya nuna 2.02. Yanzu lissafi zai ba da A = 0, B = 2, watau A ba ya nan ma sam. Kuskuren da bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba ya juya amsa gaba ɗaya. Masanin lissafi na Faransa Jacques Hadamard ya shimfiɗa sharuɗɗa uku na matsalar da ta tsayu da ƙafarta: a sami amsa, amsar ta zama ɗaya, kuma ƙaramin canji a awo ya haifar da ƙaramin canji a amsa. Lissafin baya na zuciya ya saɓa wa biyu daga cikin ukun.

5.0 DABARUN DA AKA BI

Tun da awo shi kaɗai bai isa ba, dole a haɗa shi da wani zato game da kamannin tushen. Tarihin wannan fanni, in an duba, tarihin gyaran wannan zato ne.

5.1 Zuciya a matsayin kibiya ɗaya

Zato mafi sauƙi shi ne na Einthoven: a ɗauki zuciya duka kamar ɗan batir guda a tsakiyar ƙirji, a wakilta shi da kibiya mai tsawo da fuska, wadda ke juyawa yayin bugu. Idan kibiyar ta nufo mahanga sai zane ya hau sama, idan ta ba ta baya sai ya yi ƙasa. Da wannan ƙa'ida likita ke bin sawu a cikin kansa kullum. Idan jijiyar da ke shayar da wani sashe na zuciya ta toshe, alamar takan bayyana a mahangan da ke fuskantar sashen. Idan ta fito a II da III da aVF, bangon ƙasa ne ya kamu, kuma galibi jijiyar dama ce ta toshe. Idan ta fito a V1 zuwa V4, bangon gaba ne. Idan kuwa a I da aVL da V5 da V6 ne, gefen hagu ne. Haka nan bugun da ya taso daga wani wuri a ɗakuna yana da siffar da ke nuna ko daga dama ya fito ko daga hagu, daga sama ko daga ƙasa.

Sai dai mahangai 12 ɗin nan ba shaidu 12 ba ne masu zaman kansu. Mahanga ta II jimlar I da III ce, haka sauran ukun na gaɓoɓi daga biyun farko ake lissafa su. Saboda haka shaidun gaskiya 8 ne kawai, kuma babu ko ɗaya a gadon baya. A 1946 Burger da van Milaan a Utrecht suka ƙera mutum-mutumin gangar jiki suka cika shi da ruwa mai ɗaukar lantarki, suka sa zuciyar ƙirƙira a ciki, suka nuna cewa siffar jiki da karkatar zuciya zuwa hagu suna sauya lissafin Einthoven ƙwarai. A 1956 Ernest Frank ya fito da tsarin da ke zana tafiyar kibiyar ta fuskoki uku.

5.2 Taswirar ƙirji

A 1963 wani masani ɗan Italiya, Bruno Taccardi, ya auna wurare masu yawa a ƙirji da bayan mutane masu lafiya, ya zana taswira. Da a ce zuciya kibiya ɗaya ce, da a kowane lokaci za a ga tudu ɗaya da kwari ɗaya a taswirar. Shi kuwa ya tarar cewa a wani lokaci na zaburar ɗakuna tuddai ko kwaruruwa sukan wuce ɗaya. Ma'ana, fata tana ɗauke da labarin da kibiya ɗaya ba za ta iya bayarwa ba, kuma wanda ya ƙara maɗaukai zai ƙara samun labari.

5.3 Komawa kan fatar zuciya

Dabarar da ta buɗe hanya ita ce sauya tambayar. Maimakon a nemi tushen a can cikin tsoka, sai a nemi lantarkin da ke kan fatar zuciya ta waje, watau abin da likita zai auna da ya buɗe ƙirji ya ɗora maɗaukai a kanta. Hikimar ita ce tsakanin fatar zuciya da fatar jiki babu wani tushe, sai dai abubuwan da lantarki ke ratsawa, don haka a ƙa'idar lissafi amsar ta zama ɗaya. A 1977 Roger Barr da Madison Spach da abokin aikinsu Ramsey, na Jami'ar Duke a Amurka, suka bayyana yadda za a lissafa dangantakar waɗannan fatu biyu daga siffar jiki.

Wannan ya kau da cikas na farko, amma na uku yana nan. Maganinsa ya fito daga aikin masanin lissafi na Rasha Andrey Tikhonov, wanda ya bayyana hanyarsa a 1963. Hanyar ita ce a daina neman amsar da ta dace da awo ɗari bisa ɗari, tun da awon kansa yana da gurɓata. A nemi amsar da ta dace da shi gwargwado, wadda kuma ba ta yi tsalle-tsallen da zuciya ba ta yi. A misalinmu na baya, wannan hanya za ta karkata ga amsar da ke kusa da A = 1, B = 1, ta ƙi amincewa da cewa A ya ɓace saboda bambancin 0.01. Akwai lamba guda da mai lissafi ke zaɓa, wadda ke nuna nauyin da za a bai wa wannan sharaɗi, kuma zaɓenta kamar sa gishiri a miya ne. In ta yi kaɗan taswira ta cika da tuddan ƙarya, in ta yi yawa ta shafe har da na gaskiya.

6.0 DAGA TAKARDA ZUWA GADON ASIBITI

Hanyar da likitoci suka fi dogara da ita wajen gano wurin ciwo ita ce shiga ciki. Akan zura siririyar waya ta jijiyar cinya har cikin zuciya, a riƙa taɓa bango wuri bayan wuri ana aunawa, in an sami wurin a yi masa lalas da zafin da ke fitowa daga bakin wayar. Da irin wannan hanya Michel Haïssaguerre da jama'arsa a Bordeaux ta Faransa suka nuna a 1998 cewa mafi yawan tartsatsin da ke ta da karkarwar zauruka daga bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu yake fitowa. Gani ya kori ji, amma hanyar tana cin sa'o'i, tana da haɗarinta, kuma tana bukatar bugun ɓarnar ya yi ta maimaituwa har a gama zagayawa. Wani bugun kuwa mara lafiya ba zai iya jure shi ko na minti ɗaya ba.

Saboda haka Yoram Rudy da ɗalibansa a Amurka suka shafe shekaru suna gwada lissafin baya a kan zukatan karnuka da aka rataya cikin tankin ruwa mai siffar gangar mutum. A 2004 suka buga sakamakon gwajinsa a kan mutane a mujallar Nature Medicine. Aikin yana da matakai huɗu. Da farko a sanya wa mutum wata 'yar shara mai maɗaukai 224 da ta rufe ƙirji da baya. Na biyu, a ɗauki hoton cikin jikinsa da na'urar siti yana sanye da ita, domin a san siffar zuciyarsa da mazaunin kowane maɗauki. Na uku, kwamfuta ta yi lissafin baya ta fitar da lantarkin ɗaruruwan wurare a fatar zuciya. Na huɗu, a zana taswira mai launi da ke nuna wurin da ya fara zabura da wanda ya biyo baya. Fifikon wannan hanya shi ne bugu ɗaya tak ya isa a zana zuciya duka. Daga baya aka fitar da irin wannan riga mai maɗaukai 252 zuwa kasuwa da sunan CardioInsight, kamfanin Medtronic kuma ya saye ta a 2015.

A 2017 Phillip Cuculich da Clifford Robinson na Jami'ar Washington da ke St Louis suka kai abin wani matsayi. Sun ɗauki marasa lafiya 5 masu mugun saurin bugun ɗakuna wanda ya gagari magani, suka gano wurin da taimakon rigar da hotunan tabon zuciya, sa'an nan suka gasa shi daga waje da irin hasken da ake gasa ciwon daji, ba tare da an zura komai a jiki ba. A watanni 3 kafin aikin, an ƙirga tashin ciwon sau 6,577 a tsakaninsu. Ɗaya daga cikinsu ta rasu da shanyewar jiki makonni 3 bayan aikin. A sauran, bayan makonni 6 na farko, sau 4 kacal ciwon ya tashi a tsawon watannin da aka bi su.

Duk da haka, ba a taru an zama ɗaya ba. A 2019 masu bincike a Bordeaux suka gwada taswirar riga da taswirar da aka ɗauka kai tsaye daga fatar zuciya a marasa lafiya 55, suka tarar sau da yawa ba su dace ba, har rigar takan nuna shingen da babu shi. Dalilan suna cikin abin da ya gabata. Zuciya tana motsi tare da numfashi, alhali hoton siti a tsaye yake. Bangon da ya raba ɗakunan biyu yana can ciki, ba ya kan fatar waje, don haka abin da ya taso daga gare shi sai ya ɓullo wani wuri ake ganinsa. Sa'an nan sharaɗin Tikhonov, wanda ya hana amsa hauka, shi ne kuma ke shafe ƙananan alamun da likita ya fi bukata a zuciya mai tabo.

7.0 KAMMALAWA

A cikin wannan maƙala an ga cewa lantarkin zuciya yana da mafari da hanya sananniya, kuma yana barin sawu a fata. An ga cewa komawa daga sawun zuwa tushe yana da cikas uku: amsa ba ɗaya ba ce, jiki yana gauraya alamu, ƙaramin kuskure kuma yana girma. An kuma ga cewa kowace dabara, daga kibiyar Einthoven zuwa riga mai ɗaruruwan maɗaukai, tana haɗa awo ne da wani zato game da halin zuciya, kuma ingancin amsa yana rataye a kan ingancin zaton. Abin da Helmholtz ya faɗa a 1853 yana nan bai tashi ba, sai dai an koyi yadda za a yi aiki a cikin iyakarsa. Shi ya sa har yanzu likita ke ɗaukar taswirar waje a matsayin jagora mai nuna unguwa, kafin ya ƙone wuri kuwa yakan nemi ƙarin shaida daga hoton tabo ko daga wayar da ta taɓa bangon da kanta.

Daga ƙarshe, ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su dubi kalmomin da na yi amfani da su, watau zaure da ɗaki da maɗauki da mahanga da lissafin baya, su gyara wadda ta karkace, su kawo wadda ta fi. Mara lafiyar da aka manna wa wayoyi goma a asibiti yana da haƙƙin a gaya masa da harshensa abin da ake nema a ƙirjinsa, samar da kalmomin da za a gaya masa kuwa aikin wannan sashe namu ne. Allah Ya sa mu dace.